Buta, Gora da Fensir: Yadda Ake Koyon Zane a Shekarar Farko ta Kwaleji

Duk ɗalibin da ya samu gurbin karatun tsara gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru, wadda ke da haraba a unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi, akwai darasin da ba makawa sai ya bi ta kansa tun shekarar farko: zane da hannu zalla, babu rula, babu kwamfuta. Hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ita ta sa darasin cikin manhaja. A kwalejojin ilimi masu sashen zane da ƙere-ƙere, da shi ake buɗe karatu. A Jami'ar Ahmadu Bello ma, mai son zama mai fenti da mai son sassaƙa da mai son zanen atamfa duk daga nan suke farawa, kowa da fensir da farar takarda.

Yawancin yaran da ke shiga wannan aji sun riga sun yanke wa kansu hukunci tun daga gida. Wasu sun sakankance suna da baiwa, don tun firamare su ake kira su zana taswirar Najeriya a allo. Sauran, waɗanda su suka fi yawa, sun sakankance Allah bai ba su ba, abin da suke roƙo kawai su tsallake jarrabawa. Kafin zango ya ƙare, kowane ɓangare yakan gane lissafinsa bai yi daidai ba. Mai baiwar yakan tarar cewa fuska ɗaya ya iya, ita yake ta maimaitawa shekara da shekaru. Wanda ya yanke ƙauna kuma sai ya ga tulun da ya zana ya fito tulu sosai, har da nauyinsa.

A makon farko ba a zana komai. Layuka ake ja, miƙaƙƙu daga wannan gefen takarda zuwa wancan, a tsaye da a kwance da a karkace, sannan da'irori, shafi bayan shafi. Malami yakan bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana gyara musu riƙon fensir. Riƙon rubutu, wanda yatsu uku ke matse bakin fensir, ya dace da ƙananan haruffa, amma ba ya iya jan layi mai tsawon kamu biyu ba tare da ya karkace ba. Sai a koma riƙe shi daga nesa, a kwance cikin tafin hannu, motsin ya riƙa fitowa daga gwiwar hannu da kafaɗa. Kilina kuwa, malamai da yawa sukan ce a mayar da ita aljihu. Dalilinsu shi ne layin da bai yi daidai ba shi ke nuna wa mutum inda na daidai zai bi. In an goge shi, sau da yawa a wuri ɗaya ake sake jan wani.

Ranar da aka ajiye buta

Daga nan sai a ɗora wani abu a kan tebur a tsakiyar ɗaki. A makarantun Turai kwalba ce da tuffa. A nan abin da ke kusa shi ne buta, irin ta roba mai ratsi-ratsi da ke ƙofar kowane masallaci.

Kusan babu ɗalibin da ba ya taɓa buta sau biyar a rana, kuma wannan sabon shi ne matsalar. Ya san bakinta zagayayye ne, sai ya zana cikakkiyar da'ira, alhali daga inda yake zaune abin da idonsa ke gani siririn zobe ne shafaffe, faɗinsa ya ninka tsayinsa sau uku ko huɗu. Ya san tana zaune daram a kan tebur, sai ya ja miƙaƙƙen layi a gindinta, alhali gindin ya lanƙwasa, har ma ya fi bakin lanƙwasa, tunda ya fi nisa a ƙarƙashin ido. Ya san tana da hanci dogo, sai ya miƙar da shi gefe gaba ɗayansa, ko da hancin shi yake fuskanta, ya gajarce har ya kusa ɓacewa. Sakamakon shi ne buta mai baki da aka hango daga sama, ciki da aka hango daga gefe, gindi da aka hango daga ƙasa. Malami zai tsaya bayansa ya ce, “Dubi butar, ka bar duban takarda.” Ɗalibi zai ce, “Malam, ai ita nake dubawa.” Gaskiyarsa ce, ya duba sau ɗaya a farko, sannan ya sunkuya ya zana butar da ke cikin kansa.

Masana halayyar ɗan Adam sun bi diddigin wannan. A 1997 wasu masu bincike biyu a Amurka, Dale Cohen da Susan Bennett, suka gwada dalilai huɗu da za su iya hana babban mutum zana abin da ke gabansa: rashin iya sarrafa hannu, rashin sanin abin da ya kamata a ɗauka da wanda za a bari, rashin ganin kuskuren zanen da mutum ya yi, da kuma kuskure wajen ganin shi abin da ake zanawa. Da aka ba mutane hoto su bi layukansa ta saman takarda, hannunsu bai gaza ba. Abin da binciken ya tsaya a kansa shi ne na huɗun, wato ɓarnar daga gani take farawa. Wannan labari ne mai daɗi ga ɗalibin da ya yanke ƙauna, domin gani abu ne da ake koya.

Dabarun koyar da shi ba su da yawa, kuma duk manufarsu ɗaya, su raba ido da abin da kai ya riga ya sani. Akwai zana sararin da ke kewaye da abu maimakon shi abin: a bar mariƙin buta, a zana ramin da ke tsakanin mariƙin da jikinta. Ramin ba shi da suna, ba wanda ya haddace siffarsa, dole a dube shi. Akwai bin gefen abu da ido a hankali, fensir na tafiya tare da idon, ba tare da an kalli takarda ko sau ɗaya ba. Zanen yakan fito a hargitse, ajin ya ɓarke da dariya, amma a cikin hargitsin akan sami layi ɗaya ko biyu da suka fi duk abin da ɗalibin ya taɓa ja gaskiya. Akwai kuma kwafar hoto a kife, kai ƙasa ƙafa sama, wadda wata malama Ba'amurkiya, Betty Edwards, ta yayata a littafinta na 1979. Bayanin da ta bayar game da ɓangaren dama da na hagu na ƙwaƙwalwa masana da yawa ba su gamsu da shi ba, amma atisayen yana aiki, kuma har yau ana yin sa.

Sai awo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma aikin ajin shi ne ya kaifafa wannan kimar. Ɗalibi zai miƙe hannunsa sosai, ya rufe ido ɗaya, ya daidaita bakin fensir da saman buta, ya sa babban yatsa daidai gindinta. Sai ya juya fensirin a kwance ya ga sau nawa faɗin ya shiga cikin tsayin. In gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa tsakanin awo biyu, lissafi ya rushe. Da irin wannan awon ne ake gano cewa tsayin babban mutum kimanin kansa bakwai da rabi ne, kuma idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama kusa da gashi inda kusan kowane sabon ɗalibi ke kai su ba.

Haske, hazo da hanyar Argungu

Idan layi ya zauna, sai a shiga inuwa. A nan babu abin da ya kai gora amfani, musamman babbar gorar masunta irin ta Kabawa, wadda suke hawa su yi iyo kuma su zuba kifi a ciki. Jikinta sumul ne, zagayayye, ba ta da kusurwar da za ta taimaki mai zane. Haske da duhu ne kaɗai za su nuna cewa tana da ciki. Akan rufe tagogin gefe ɗaya domin hasken ya zo ta fuska guda. Sai ɗalibi ya fara lura da abin da bai taɓa lura da shi ba: ɗigon ƙyalli inda hasken ya fi bugawa, sannan fili mai haske, sannan wani yanki da ke dusashewa a hankali har ya kai ga mafi duhu. Abin mamakin shi ne mafi duhun ba a can bakin gefe yake ba. Bayansa akwai wani siririn haske da tebur ya maido wa gorar daga ƙasa. Wanda ya bar wannan, gorarsa takan fito kamar faifai. Wanda ya sa shi, sai ta kumbura ta taso daga takarda. Daga ƙarshe sai inuwar da ta faɗa a kan tebur, wadda ta fi baƙi daidai inda gora ta taɓa katako. Ita ke zaunar da abu a ƙasa.

A wannan mataki ne haruffan da ke jikin fensir ke fara ma'ana. Abin da ke cikin fensir ba dalma ba ce, garin giraf ne da yumɓu aka cuɗa aka gasa, dabarar da wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya fito da ita a 1795. In yumɓu ya yi yawa, fensir ya yi tauri, layinsa ya yi fari-fari, shi ne mai harafin H. In giraf ya rinjaya, ya yi laushi da baƙi, shi ne mai B. HB ɗin da kowane ɗan firamare ya sani a tsakiya yake. Da 2B da 4B da 6B ɗalibi zai iya fitar da matakai bakwai ko tara daga fari zuwa baƙi ƙirin, kuma akan sa shi ya jera su cikin ƙananan akwatuna kafin a bar shi ya taɓa gora.

Malamai kan nuna cewa kusan kowane abu ana iya mayar da shi ga siffofi kaɗan: akwati, ƙwallo, gwangwani da mazurari. Turmi gwangwani ne da aka matse wa ƙugu. Rumbu gwangwani ne da aka kifa wa mazurari. Mai zanen Faransa Paul Cézanne ya ba wani matashi shawara makamanciyar wannan a wata wasiƙa ta 1904, kuma ta zama abin da ake maimaitawa a azuzuwan farko a ko'ina.

Darasin da ya fi ba ɗalibai wuya shi ne ƙa'idar nisa da kusa. Amma Birnin Kebbi ta tanadi wurin koyonsa kyauta. Wanda ya tsaya a gefen hanyar Argungu ya dubi turakun lantarki zai ga kowane ya fi na gabansa gajarta, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa, gefunan kwalta biyu suna matsowa har su haɗu a ɗigo ɗaya. Wannan ɗigo kullum yana kan layin da ya yi daidai da tsayin idon mai kallo. In ya tsuguna layin ya sauka, in ya hau bayan mota ya hau tare da shi. Duk abin da ke sama da layin ana ganin ƙarƙashinsa, duk abin da ke ƙasa ana ganin samansa. Ɗalibin gine-gine da ya riƙe wannan ya riƙe rabin sana'arsa. Akwai kuma nisan da ba layi ke nuna shi ba. A lokacin hunturu, wanda ya gangara wajen Dukku ya dubi fadamar shinkafa zai ga bishiyar kusa baƙa ce mai kaifin gefe, ta tsakiya toka-toka, ta can nesa kuwa hazo ya kusa shanye ta. Da fensir uku ake kama wannan.

Ƙa'idar tana da tarihi, kuma tarihin ya bi ta ƙasar Musulmi. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, shi ya kafa hujja a littafinsa Kitab al-Manazir cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido bisa miƙaƙƙun layuka. An fassara littafin zuwa Latin, malaman Turai suka karanta shi ƙarni bayan ƙarni. A birnin Fulorans na Italiya, maginin nan Filippo Brunelleschi ya gwada ƙa'idar a aikace wajen 1420, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ta dalla-dalla domin masu zane a 1435.

Yadda ajin ya iso Arewa

Wanda ya shigo da wannan karatu makarantun Najeriya ɗan ƙasa ne. Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, ya koya wa kansa zane ta hanyar kwafar hotunan jaridu da littattafai, a zamanin da Turawan mulki ke ganin baƙar fata ba zai iya irin wannan aiki ba. A 1920 ya tafi Landan da Faris ya yi karatu, ya dawo a 1922 ya riƙa zagaya makarantun Legas yana koyarwa. Ya matsa wa ɗalibansa a kan ƙa'idar nisa da kusa har suka laƙaba masa sunanta. Shi ya nemi gwamnati ta kawo ƙarin malami, aka kawo Kenneth Murray a 1927. Sai ga shi ra'ayinsu ya bambanta: Murray ya fi son yara su zana rayuwar ƙauyukansu, su kula da fasahar iyayensu, ba tare da an ɗaure su da ƙa'idodin Turai ba. Ben Enwonwu na cikin ɗalibansa. Wannan ja-in-ja tsakanin horon ido da gadon gida ba ta mutu ba har yau.

A 1955 sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya ya taso daga Ibadan ya koma Zariya, wurin da ya zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta can ce. Cikinsu akwai 'yar ƙasa guda, Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Ba su ƙi koyon awo da inuwa ba, sun ma ƙware a kansu. Abin da suka ƙi shi ne a ce iyakar zane ke nan. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina aikinsa a kai. Grillo ya koma Legas ya jagoranci sashen zane na kwalejin Yaba shekaru masu yawa.

Abin lura shi ne galibin waɗannan matasa daga Kudu suka zo, kuma gadon garuruwansu suka ɗauko. Gadon da ke ƙofar makarantar, wato zanen bangon gidajen Zazzau da bakan gizon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina, ya daɗe yana jiran masu ɗaukarsa. Wani malamin jami'ar, David Heathcote, shi ya bi masu ɗinkin riga da masu zanen bango yana tattara aikinsu, har ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

Alhali ƙasar Hausa ba baƙuwar layi ba ce. Mai zayyana da ke ƙawata allon saukar Alƙur'ani yana raba fili gida-gida, ya cika shi da saƙa mai launi, da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da ƙaro. Kafin allura ta taɓa babbar riga, sai wani ya zana aska takwas ko aska biyu da tambari a jikin yadin. Mai sassaƙa ƙwarya yana zane a kan abu mai lanƙwasa, inda kuskure ba ya goguwa. Mai lalle tana jan layi siriri a bayan hannun amarya ba tare da hannunta ya yi rawa ba. Duk waɗannan suna da abin da ɗalibin kwaleji ke shafe makonni yana nema, wato tsayayyen hannu da sanin yadda ake raba fili. Bambancin shi ne su daga hadda da ƙa'idar da suka gada suke zane, ajin kwaleji kuwa daga abin da ke gaban ido. Asara ce babba a ce yaron da ya yi shekaru yana rubutu da alƙalami a allo ya shigo aji a nuna masa cewa bai san komai ba. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo a Omdurman, ya yi karatun zane a makarantar Slade ta Landan, ya dawo gida ya tarar mutanensa ba su ga kansu a aikinsa ba. Sai ya koma ga harafin Larabci da ya tashi da shi. A 2013 gidan zane na Tate Modern ya baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya.

Akwai tambayar da ba ta rasa tasowa a aji a Kebbi ko Sakkwato, kuma bai kamata a kauce mata ba: hukuncin zana abu mai rai. Hadisan gargaɗi ga masu yin sura sanannu ne. Sananne ne kuma cewa Abdullahi ɗan Abbas ya ba wani mai wannan sana'a shawarar ya koma ga bishiyoyi da abin da ba shi da rai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita aka fi bi a nan, haramcin ya fi tsananta ne a kan cikakken gunki mai inuwa, zanen da ke shimfiɗe a takarda kuwa malamanta da yawa ba su kai shi ga haram ba. Wasu malaman na wasu mazhabobi sun tsananta. Kowane ɗalibi da malamin da yake bi. Abin da ya tabbata shi ne layi da awo da inuwa da nisa duk ana koyon su a kan buta da gora da gini da bishiya, waɗanda babu saɓani a kansu. Malamin kirki ba ya raina ɗalibin da ya yi wannan tambaya.

Ga wanda zai fita da ɗalibansa waje, Argungu tana nan kimanin kilomita 50 daga Birnin Kebbi. Gidan tarihi na Kanta, wanda Yakubu Nabame ya gina a 1831, ya kasance fadar sarki har 1942, aka buɗe shi ga jama'a a 1958. A cikinsa akwai masu da takubba da tambura da kayan su, abubuwan da kowannensu darasi ne: ƙarfe yana maido haske daban da fata, fata daban da itace. Ginin kansa, da kaurin bangonsa da duhun zaurukansa, ya isa aikin mako guda. A bakin ruwa kuma akwai abin da aji ba ya bayarwa, wato motsi. Kimon Nicolaides, a littafinsa da ya fito a 1941, ya koyar da zanen gaggawa: minti ɗaya ko ƙasa da haka, a kama abin da jiki ke yi, a bar ƙirga yatsu. Masunci da ya kife a kan gora yana tura ruwa, homa a hannu biyu, ba zai tsaya wa kowa ba. Bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon duniya a 2016, yana tara dubban irin waɗannan jikuna a Matan Fada cikin sa'a guda. Amma ba sai an jira biki ba. Masunta na ruwa kullum, 'yan dako na kasuwa, mata na shanya shinkafa. Masu hoto daga ƙasashen waje sun ɗauki wannan biki dubban sau. Zanensa da hannun ɗan Kabi shi ne abin da ba a cika gani ba.

Me ya sa ɗalibi ke kai shekara 18 ko 20 bai taɓa zana abu daga gani ba? Amsar tana firamare. Tun da aka sake manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, an haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo cikin darasi guda na al'adu da ƙirƙira. A makarantu da yawa malamin da aka ɗora wa shi bai karanci ko ɗaya daga cikin ukun ba. Abin da yakan yi shi ne ya zana kofi a allo yara su kwafa, ko ya rubuta musu ma'anar launi su haddace. Ba laifinsa ba ne, abin da aka ba shi ke nan. Yaran sukan tashi da siffofin da aka haddace, gida mai rufin kusurwa uku da taga biyu, irin wanda ba a gina shi a unguwarsu.

Ana yawan cewa tsada ce ta hana. Fenti da ƙyalle da buroshi suna da tsada, gaskiya ne, takardar zane mai kauri ma ta yi tashin gwauron zabo. Amma ajin farko ba ya buƙatar ko ɗaya. Takardar buhun siminti da aka kakkaɓe tana karɓar gawayi da kyau. Gawayin ma ana yin sa da hannu: a yanka siraran rassa, a ɓare su, a cusa cikin gwangwani mai ƙaramin rami a murfi, a jefa cikin wuta har hayaƙi ya daina fita. Guntun katako da abin matse takarda guda biyu sun zama allon zane.

Ana kuma cewa waya ta kashe zane, tunda kowa na iya ɗaukar hoto. Ɗalibai ma sukan ɗauki butar a waya su koma ɗaki su kwafa daga gilashi. Malami mai ido yakan gane nan take, domin kyamara ta riga ta yi aikin da ake so ɗalibi ya koya, ta baje abu mai ciki ta mayar da shi shimfiɗaɗɗe. Ofisoshin gine-gine sun koma AutoCAD tun tuni, amma idan mai gida ya zauna yana bayanin inda yake son zaure da inda yake son turaka, a kan takarda ake fara fahimtar juna. Mai walda da ke ƙera ƙofar gida a Gesse, kafinta, tela, mai adon silin, duk wanda ya iya zana abin da abokin ciniki ke nufi kafin a yanka ƙarfe ko yadi ya tsira daga asara. Ɗalibin kimiyya ma ba ya kuɓuta, domin jarrabawar WAEC ta aikin ilimin halittu tana neman a zana abin da aka ajiye a gaban ɗalibi, a kuma faɗi girmansa.

Maɓallin gyaran yana Argungu. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie ita ke yaye da yawa daga cikin malaman da za su tsaya gaban yaran firamare na jihar. Idan kowane ɗalibin da ke shirin koyar da firamare ya samu zango ɗaya cikakke yana zana abin da ke gabansa, da fita ɗaya zuwa gidan tarihin Kanta da ke cikin garin, da rana ɗaya da za a gayyato mai zayyana ko mai zanen riga ya nuna aikinsa a aji a biya shi haƙƙinsa, cikin 'yan shekaru za a ga bambanci a yaran da ke isowa Gesse. Ma'aikatar ilimi ta jiha da hukumar ilimin bai-ɗaya da shugabannin kwalejojin nan biyu su ne ke da ikon yin wannan, kuma abin da zai ci ɗaki ɗaya ne mai taga, da malami ɗaya da ya san aikin. Ya kamata a sa shi cikin kasafin shekara mai zuwa.